Yadda Ake Mai da Gashin Kaza Takin Gona

 A shafinmu na lafiya da noma na wannan karo za mu yi magana a kan wani abu da kowa yake gani kullum, amma ba a cika kula da shi ba, wato gashin kaza. Duk gidan da aka yanka kaza ko zabo, akan fige gashin a watsar bayan danga. A kasuwa kuwa, wajen masu figa da masu gasa kaji, gashin yakan taru tsibi-tsibi. Iska ta kwashe wani, a cinna wa wani wuta, saura kuma ya yi wata da watanni a kan juji bai ruɓe ba.

A ƙasar Yauri da sauran garuruwan Matamaye da Kance, jama'a ta yi yawa, gonaki kuma sun ƙanƙance. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne suka raba ta. Ba mai iya barin gona ta huta kamar yadda ake yi a da. Ƙasar jigawa ce, kowace shekara ana cire mata ƙarfi, ga shi takin zamani ya yi tsada. Manomanmu sun riga sun nuna dabara wajen renon gawo a cikin gonaki, har masu bincike suka zo a shekarar 2006 suka rubuta labarin itatuwan Magarya da Matamaye da Mirya, duniya ta ji. Mai irin wannan dabara bai kamata ya ƙona abin da zai ƙara wa gonarsa ƙarfi ba. Gashin kaza yana cikin irin waɗannan abubuwa, in an san yadda za a sarrafa shi.

ABIN DA KE CIKIN GASHIN KAZA

Shuka tana bukatar abinci iri-iri daga ƙasa. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne sinadarin da ake kira azot, wanda maƙwabtanmu na Najeriya suke ce wa naitirojin. Shi ne yake sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi kauri. Idan kuka ga hatsi ya tsaya, tsofaffin ganyensa sun yi rawaya, sau da yawa azot ne ya yi masa ƙaranci. Farin takin nan da ake kira ure, azot ne ake saye a cikinsa. A kowane kilo 100 na ure akwai kilo 46 na azot. A takin 15-15-15 kuwa akwai kilo 15.

To, busasshen gashin kaza, a kowane kilo 100 nasa akwai wajen kilo 14 na azot. Ke nan ya kusa kamo takin 15-15-15 ta wannan fanni. Busasshen kashin shanu ba ya cika wuce kilo 1 zuwa 2 a cikin 100.

Ga lissafi ga masu koyon ƙidaya. Kaza mai nauyin kilo 1 tana da gashi wajen giram 50 zuwa 70. Mu ɗauki giram 60. Kaji 100 za su ba da kilo 6. Idan mai figa yana fige kaji 100 a kowane mako, a shekara zai tara kilo 312, domin makonni 52 ne a shekara. Azot da ke cikin wannan gashi ya kai wajen kilo 43. Wannan ya kusa daidai da abin da ke cikin buhu biyu na ure masu kilo hamsin-hamsin. Gaskiya ne wani kashi yakan tsere cikin iska lokacin ruɓewa, amma abin da ya rage ba abin rainawa ba ne. Kowa ya tambayi kuɗin buhun ure a kasuwar garinsu, ya yi lissafin abin da ake ƙonawa.

ME YA SA GASHI BA YA SAURIN RUƁEWA?

Idan aka jefar da hanjin kaza, kwana biyu ya isa ya lalace. Gashin kuwa sai ya shekara yana nan. Dalili shi ne, Allah ya halicce shi da wani abu mai tauri da ake kira keratin. Kusan kashi 90 cikin 100 na gashin kaza keratin ne. Da shi aka yi farcenmu da gashin kanmu, da ƙahon sa, da kofaton jaki.

Don mu gane taurinsa, mu dubi igiyar kaba. Zare ɗaya na kaba yaro ma yana tsinka shi. Amma in aka tufka shi da yawa, aka murɗe, sai ya ɗaure raƙumi. Haka keratin yake. Zaruruwa ne ƙanana ƙwarai da aka jera, aka matse, sa'an nan aka ƙulle su da juna wuri-wuri. Ƙullin nan da farar wuta aka yi shi. Shi ya sa in ana babbakar kai da ƙafa, ko aka ƙona gashi, ake jin wannan ƙauri mai hawa kai.

Ban da haka, tsuntsu yana shafa wa gashinsa wani mai da yake tatsowa da baki daga gindin wutsiyarsa. Man nan yana hana ruwa shiga. Abin da ruwa bai ratsa shi ba kuwa, ba ya ruɓewa da wuri. Cikin ɗan Adam da na kaza da na kare ba su iya narkar da ɗanyen keratin. Saiwar shuka ita ma ba ta iya shan azot ɗin da ke ɗaure a cikinsa. Sai an sami mai kwance ƙullin tukuna.

MA'AIKATAN DA IDO BA YA GANI

Masu kwance wannan ƙulli wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A cikin cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau, yawansu ya fi yawan mutanen Nijar gaba ɗaya. Mun saba jin labarinsu a gidan likita da sunan ƙwayoyin cuta. Amma masu kawo cuta kaɗan ne a cikinsu. Mafi yawansu ba su cutar da kowa, wasu ma aiki suke yi mana tun kaka da kakanni.

Su ne suke mai da madara nono. Su ne suke sa ƙullun waina ya tashi. Mata masu yin daddawa sun fi kowa sanin aikinsu, ko da ba su san sunansu ba. Akan dafa kalwa ko gurguzun yakuwa, a rufe a wuri mai ɗumi, a bar shi kwanaki. In aka buɗe, sai a tarar ya yi laushi da yauƙi da wari mai ƙarfi. Masu bincike sun duba daddawa, sun tarar wani dangi ne na waɗannan halittu yake wannan aiki. Sunan dangin Basilus. A cikin wannan dangi ne ake samun gwanayen cin gashin tsuntsu.

Yaya suke ci, tun da ba su da baki balle haƙora? Suna manne wa gashin, su fitar da wani ruwan narkarwa, kamar yadda cikinmu yake fitar da ruwan da ke narkar da tuwo. Sunan wannan ruwa keratinaz. Da farko akan kwance ƙullin farar wuta, zaruruwan su saki. Daga nan ruwan narkarwa ya yi ta yanka su gutsi-gutsi, har su zama abin da halittun za su tsotse. Abin da suka rage, da gawarwakinsu in sun mutu, shi ne yake zama abincin shuka.

Dangin Basilus suna da wata baiwa da ta dace da ƙasarmu. In wuri ya bushe, ba su mutuwa. Sukan dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri su yi barci, kamar yadda gaiwa take shiga taɓo ta kwana rani. Ranar da suka ji ruwa da ɗumi da abinci, sai su farka su hayayyafa. Akwai kuma wani dangi mai suna Sitireftomaisis. Su ne suke ba da ƙamshin nan da muke ji in ruwan fari ya sauka a kan busasshiyar ƙasa. Wasu daga cikinsu su ma suna cin gashi. Haka kuma wasu irin funfuna da ke zaune cikin ƙasa.

Bukatunsu huɗu ne: abinci, da laima, da iska, da ɗumi. A kan juji gashi yana shanye a rana, babu laima, shi ya sa suke barci, gashin kuma yake nan yadda yake.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

A shekarar 1990, wani malami mai suna Jason Shih tare da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Karolaina ta Arewa, a ƙasar Amurka, suka ba da labarin wata ƙwayar halitta da suka samo a cikin tankin da ake ruɓar da kashin kaji. Sunanta na ilimi Bacillus licheniformis, lambarta PWD-1. Sun ga tana iya rayuwa da gashin kaza a matsayin babban abincinta, kuma ta fi jin daɗin aiki a zafin digiri 50. A 1992 suka tace ruwan narkarwarta. Daga baya aka kafa kamfani da yake sayar da shi ga masu haɗa abincin kaji.

A 1999 wasu masu bincike biyu na jihar Ohayo, Edward Burtt da Jann Ichida, suka duba tsuntsayen daji masu yawa. Suka tarar wasu tsuntsayen suna yawo da irin waɗannan halittu a jikin gashinsu, musamman masu kiwo a ƙasa. A Najeriya kuma, Farfesa Agbaje Lateef da abokan aikinsa na jami'ar fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomoso sun ba da labarin wata Basilus mai cin gashi a 2010, wadda suka samo daga ƙasar can. Darasin da ke cikin wannan shi ne, halittun nan ba kayan Turai ba ne. Suna nan cikin ƙasarmu, da jujinmu, da akurkin kajinmu.

A manyan masana'antu akan dafa gashi da tururi mai tsananin zafi a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe, a busar, a niƙa, ya zama garin da ake sawa a abincin dabbobi ko a taki. Wannan hanya tana cin makamashi da kuɗi, zafin kuma yana lalata wani sashe na amfanin gashin. Shi ya sa masu bincike suke neman a bar ƙananan halittu su yi aikin. Mu a karkara ba mu da tukunyar tururi, ba mu da ɗakin bincike. Amma muna da ramin taki, wanda malaman gona suka daɗe suna koyarwa, kuma yana iya tara wa halittun nan bukatunsu huɗu.

YADDA ZA A HAƊA RAMIN

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da ƙaiƙayi da ragowar kara suke da yawa, don takin ya nuna kafin shuka.

1. A zaɓi wuri mai inuwa, nesa da rijiya da wurin dafa abinci da wurin wasan yara. A gina rami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin rabin mita zuwa mita 1. In tsibin ya yi ƙanƙanta ba zai riƙe zafi ba. A gina rami na biyu kusa da shi, domin juyi.

2. A tara gashin lafiyayyun tsuntsaye kaɗai: kaji, zabi, agwagi da tantabaru. In ba za a yi aiki da shi nan da nan ba, a shanya shi ya bushe, a ɗure a buhu, a rataye inda kare ba zai kai ba.

3. A sassare manyan gashin fiffike da na wutsiya da adda a kan gungume. Ƙaramin gutsure ya fi saurin ruɓewa.

4. A jiƙa gashin kwana ɗaya ko biyu a cikin tsohuwar roba, a rufe. Wanda aka fige da ruwan zafi ya fi saurin shan ruwa. Ruwan jiƙon kuma a zuba shi cikin ramin.

5. A tanadi busassun abubuwa: ragowar karan da dabbobi suka tattake, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye da sharar tsakar gida. A tsince leda da kwalba da tsohon batir. Ga kowane kilo 1 na busasshen gashi, a sa wajen kilo 10 na waɗannan. Gashi shi kaɗai azot ya yi masa yawa. In babu abin da zai riƙe azot ɗin, sai ya bi iska.

6. A jera su hawa-hawa. Da farko busassun abubuwa, kaurin taƙi ɗaya. A kai a baza gashi, kada kaurinsa ya wuce yatsa biyu, kada kuma a bar shi a cure. Sai a rufe da kashin dabbobi ko na kaji, kaurin yatsa huɗu. A yayyafa ruwa. A sake maimaitawa har ramin ya cika, ya ɗan yi tozo.

7. A kowane hawa a barbaɗa ɗan tsohon takin da ya nuna, ko baƙar ƙasar ƙarƙashin tsohon juji inda gashi ya taɓa ruɓewa. Wannan shi ne irin halittun, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara.

8. Toka kaɗan ta isa, kuma kada a zuba ta a kan gashi ko kashin kaji kai tsaye, domin tana korar azot.

9. A rufe sama da ƙasa kaurin yatsa biyu, a ɗora tsohuwar tabarma ko zana. Kada a bar gashi ko ɗaya a fili. A kewaye da ƙaya saboda karnuka da kaji. A soka doguwar sanda a tsakiya har ƙasa.

10. Kowane kwana 15 a juye takin zuwa rami na biyu. Na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa. In an ga gashi ya cure, a wargaza shi da manjagara.

Ga yadda ake gane ruwa ya yi daidai: a damƙi takin a matse. In ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ya yi. In ya warwatse, a ƙara ruwa. In ruwa yana zuba ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. Inda ruwa yake da wuya, ƙasari da ruwan wanke-wanke marar sabulu da yawa suna yi.

ABIN DA RAMIN YAKE FAƊA MANA

Bayan kwana uku zuwa biyar, a zare sandar a taɓa. In ta yi zafi, da laima a jikinta, halittun sun farka suna aiki. Rami mai kyau zafinsa yakan kai digiri 50 zuwa 60, har a ga tururi da safe. Wannan zafi yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, da tsutsar ƙuda, da irin ciyawa. Amma gefen rami ba ya zafi kamar tsakiya, shi ya sa juyi ya zama dole.

In sandar ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In ana jin wari mai yaji kamar na tsohon fitsari, azot ne yake gudu, sai a ƙara ƙaiƙayi a rufe da ƙasa. In ana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga, sai a juya a ƙara busasshen kara.

Takin da aka sa wa gashi yana bukatar haƙuri. A ba shi wata uku ko fiye. Laushin gashin ne yake fara ɓacewa, tsinken tsakiya kuwa shi ne na ƙarshe. In takin ya yi baƙi, ya huce, yana ƙamshin ƙasa, ya nuna. A tsince tsinkayen da suka rage a mayar cikin sabon rami.

YADDA ZA A YI AMFANI DA SHI

Takin bai isa a watsa shi a gona duka ba. Saboda haka a sa shi inda zai fi amfani. A garka, a gauraya shi da ƙasar fangali kafin dashen tumatir ko albasa ko kabeji. A gonar hatsi da dawa, a sa cikin hannu ɗaya ko biyu a gindin kowace shuka, a rufe da ƙasa don kada rana da iska su cinye shi. Ba ya aiki farat ɗaya kamar ure. Yana sakin ƙarfinsa sannu a hankali, yana kuma taimaka wa jigawa ta riƙe laima.

Sai dai a lura, gashi ba shi da sinadarin fosfor sai ɗan kaɗan, ƙasarmu kuwa tana fama da ƙarancinsa. Masu bincike na cibiyar INRAN da na ICRISAT da ke Sadore sun nuna cewa giram 6 na takin 15-15-15, ko giram 2 na takin DAP, a kowane ramin shuka yana ƙara amfanin hatsi. Wanda ya sami hali ya haɗa wannan da takin rami, ya fi wanda ya riƙe ɗaya.

Gani ya kori ji. Kowane ajin yaƙi da jahilci yana iya ware fangali biyu masu girma ɗaya, a shuka iri ɗaya a rana ɗaya. A sa wa ɗaya takin, a bar ɗaya haka nan. A rubuta ranar shuka a littafi, a auna abin da aka girbe, a rubuta. Sa'an nan kowa ya yi hukunci da idonsa.

Kada a niƙa ɗanyen gashi a ba kaji ko tumaki da sunan abinci. Cikinsu ba zai narkar da shi ba, yana kuma iya ɗauke da cuta.

KIYAYE LAFIYA

Wannan sashe shi ne ya fi muhimmanci. Gashin da ya ɓaci da jini da kashi yana tara ƙuda. Ƙudan da ya tashi daga nan, shi ne zai sauka a kan furar yaro. A cikin kashin kaji akwai ƙwayoyin da suke kawo zawo da zazzaɓi, ko da kazar tana da lafiya a ido. Hayaƙin ƙona gashi kuma yana sa tari da ƙaiƙayin ido, ya fi damun jarirai da tsofaffi da masu ciwon asma. Rufe gashi a rami yana rage duk waɗannan.

Mutanen wannan yanki ba su manta da shekarar 2006 ba. A watan Fabrairu na shekarar aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji kusa da Jaji, a jihar Kaduna ta Najeriya. Kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magarya, nan kusa da mu, a jikin agwagi. Hukuma ta hana safarar kaji, aka kashe tsuntsaye da yawa, masu kiwo suka yi asara. A watan Janairu na 2007 cutar ta kashe wata mata a Legas. Ta sake ɓulla a Nijar a 2021 da 2022. Ƙwayar wannan cuta tana zama a kashin tsuntsu da majinarsa da gashinsa, kuma mai figar tsuntsu marar lafiya yana cikin haɗari.

Don haka a riƙe waɗannan ƙa'idoji:

Tsuntsun da ya mutu da kansa, ko wanda aka yanka don yana ciwo, kada a fige shi, kada a ci, kada a sayar, kada a sa gashinsa a ramin taki. In kaji suna mutuwa da yawa a gari, a sanar da ma'aikatan kiwo da mai gari nan take. A daina karɓo gashi daga kasuwa har sai annoba ta wuce. Mushen kuma a ɗauke shi da shebur ko da leda a hannu, a binne da zurfi, nesa da rijiya, inda kare ba zai tono ba.

A yi wa kaji allurar rigakafin annobar da take zuwa da sanyin hunturu, wadda likitocin dabbobi suke kira Niyukasil, tun kafin lokacinta ya yi.

Mai juya taki ya sa takalmi, ya rufe hanci da baki da ƙyalle. In takin ya bushe yana ƙura, a yayyafa ruwa kafin a taɓa. Mai rauni a hannu ko ƙafa ya ɗaure shi sosai, ko ya bar wa wani aikin. Bayan an gama, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a ɗauki yaro. Kada a aiki ƙananan yara kwasar gashi.

Akwai kuma wani abin lura. Makeron da yake cin kan yara, shi ma wata irin funfuna ce mai cin keratin na fata da gashi. Ana ɗaukarsa daga wani yaro, ko dabba, ko aska da matajin da ba a tsabtace ba, wani lokaci ma daga ƙasa. Yaron da gashinsa yake zubewa wuri-wuri, a kai shi likita, domin makeron kai yakan bukaci maganin sha na makonni.

AIKIN GAYYA

Gida ɗaya ba ya yanka kajin da za su cika rami. Amma da yayyafi kogi kan cika. Ƙungiyar mata masu garka, ko ɗaliban aji ɗaya, suna iya shiryawa da masu figa na kasuwarsu, su ajiye musu buhu, a riƙa ɗaukowa kowace ranar kasuwa. Lokacin sallah da bikin aure da suna, gashi yakan yi yawa a cikin gari, sai a tara shi wuri ɗaya. Mai figa ya huta da ƙuda da ƙorafin maƙwabta, masu garka su sami taki. A naɗa mutum ɗaya da ya iya rubutu ya riƙe littafi: ranar da aka cika rami, ranakun juyi, da yawan buhunan da aka fitar.

Wanda yake son ƙarin bayani ya nemi malamin gona ko ma'aikacin kiwo na ƙaramar hukumarsa. Malaman yaƙi da jahilci kuma su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu, su yi lissafin kaji 100 a kan allo, sa'an nan su sauya adadin da na kasuwar garinsu. Ajin da ya gwada, ya rubuto mana abin da ya gani, mai kyau ko marar kyau, domin sauran masu karatu su amfana.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.